Daga Ina Zufar Ledar Ruwa Take Fitowa?

Wata ranar Talata cikin damina na zauna a bencin baya na wani aji uku na firamare ina sauraren darasin kimiyya. Malamar ta cika allo da rubutu, tana nuna layi ɗaya bayan ɗaya da tsinken kara, yara kusan 90 suna maimaitawa da Turanci, murya ɗaya, har ajin da ke kusa yana jiyo su. Darasin a kan ruwa ne da yadda yake sauya kama: ya daskare, ya narke, ya tashi ya zama tururi, tururin kuma ya huce ya koma ruwa. Ko kalma ɗaya ba su kuskure ba. Da aka fita tara sai wani yaro ya sayo ruwan leda mai sanyi a bakin ƙofar makaranta, ya dawo yana goge hannu a jikin rigarsa. Na kira shi na ce, "Zo nan, ɗan samari, me ya jiƙa maka hannu?" Ya ce, "Malam, ledar ce take zufa." Na ce to zufar daga ina? Ya dube ni da mamaki ya ce, "Daga ciki mana. Ruwan ne yake tsattsafowa ta jikin ledar." Abokansa da suka kewaye mu duk suka gyaɗa kai. Minti goma kafin nan, da bakin nan nasa ya rera ma'anar komawar tururi ruwa ba gargada, ga kuma abin yana faruwa a tafin hannunsa bai shaida shi ba.

Tun ranar amsar yaron nan take yi mini yawo a ka, domin ita ta nuna mini inda gizo yake saƙa a koyar da kimiyya ga ƙananan yara. Amsar kuskure ce, amma kuskuren mai hankali. Yaron ya san jikinsa daga ciki yake fitar da zufa. Ya san randar gidansu kullum bayanta a jiƙe yake, kuma daga ciki ruwan yake tsattsafowa. Sai ya ɗauki abu biyu da ya sani ya auna na uku da su. Irin wannan tunanin shi ne ainihin abin da muke so ya iya. Matsalar ita ce abin da ya haddace a allo da abin da ya yi imani da shi a zuciyarsa ba su taɓa haɗuwa ba, balle ɗaya ya ture ɗaya.

Mukan ɗauki kan yaro kamar sabuwar ƙwarya da za a zuba wa ilimi. Alhali ɗan shekara 6 da ya shigo aji ɗaya ya riga ya yi shekaru yana kallon wuta da hayaƙi da inuwa da kaji da hadari, kuma ya tanadi bayanin kowanne. Wasu bayanan shi ya ƙirƙiro su, wasu a bakin manya ya tsinta: bakan gizo ya shanye ruwan sama, rana ta kama wata, shuka ƙasa take ci, abu mai nauyi nutsewa yake yi. In malami ya kawo sabon bayani bai taɓa tsohon ba, yaro ba ya zubar da tsohon. Yakan ajiye su biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na gida, ko kuma ya dama su wuri guda. A 1992 wasu masu bincike biyu, Stella Vosniadou da William Brewer, sun wallafa abin da suka gano bayan sun zanta da 'yan firamare a Amurka kan siffar duniya. Yawancin yaran sun iya cewa duniya kewayayya ce, yadda aka koya musu. Da aka bi su da tambaya a hankali, sai ga shi wasu faifai suke nufi, kewayayye amma shimfiɗaɗɗe. Wasu sun ɗauka ƙwallo ce mai rami, mutane suna zaune a cikinta a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wasu kuma duniya biyu suka yi, ɗaya wadda muke takawa, ɗaya can sama wadda ake nunawa a hoto. Kowane yaro ya yi ƙoƙarin sasanta maganar malami da abin da idonsa yake gani kullum, kuma malamin bai san an yi wannan sulhu a bayan idonsa ba, tunda amsar jarrabawa ta fito daidai.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma haka ne, sai dai a kimiyya gani kaɗai yakan yaudari mutum. Ido ne ya gaya wa yaro ƙasa a shimfiɗe take. Ido ne ya gaya masa rana ce ke tattaki daga gabas zuwa yamma. Abin da ke korar kuskure shi ne ganin da aka shirya da gangan don a gwada wani zato. Ɗauki maganar nan ta cewa shuka ƙasa take ci. Manyan masana ma sun daɗe a kanta. A ƙarni na 17 wani likita ɗan birnin Burasel, Jan Baptist van Helmont, ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan icce mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa iccen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. Ma'auni ya kashe maganar cin ƙasa. Amma shi ma sai ya yanke cewa daga ruwa kaɗai iccen ya ginu, kuma sai da aka ƙara fiye da shekara 100 kafin a gane cewa kaso mai yawa na jikin bishiya daga iska yake zuwa, da taimakon hasken rana. In masu gemu sun ɗauki wannan tsawon lokaci, ban ga dalilin da za mu sa ran layi ɗaya a allo ya sauya tunanin ɗan shekara 8 a cikin minti 35 ba.

Bayan mako guda na koma makarantar, da yardar malamar, muka sake darasin tare. Kayan da muka kawo ba su wuce kular mai sayar da ruwa da ƙanƙara a ciki ba, sai zoɓo ƙulle a leda, farin ƙyalle, kofin silba, ƙaramin madubi, da ruwan leda guda da bai shiga firji ba. Da Hausa aka yi komai. Malamar ta ɗaga ledar ruwa mai sanyi ta ce duk wanda ya ce zufar daga ciki take ya ɗaga hannu. Kusan duk ajin suka ɗaga. Ta ce, "To, in daga ciki ne, zufar ledar zoɓo wace kala za ta fito?" Suka haɗa baki: "Ja!" Aka wanke bayan ledar zoɓon, aka tsane ta sarai, aka ajiye a kan tebur, aka jira. Da ɗigo ya taru, ta kira wata yarinya ta goge da farin ƙyallen ta ɗaga wa aji. Ƙyalle ya jiƙe, babu ko alamar ja.

Ajin ya yi tsit, irin shirun da ba tsoron bulala ya kawo shi ba. Can sai yaron nan na farko ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai ledar tacewa take yi. Ruwan ya wuce, jan ya tsaya a ciki." Wallahi na ji daɗin wannan amsa fiye da duk abin da aka rera a makon da ya wuce. Bai miƙa wuya don babba ya yi magana ba, ya nemo wa zatonsa mafita, kuma mafitar mai ma'ana ce ga wanda ya saba ganin ana tace gasara. Yanzu sai a nemo gwajin da zai raba gardama. Muka fito da kofin silban da muka ƙulle cikin busasshiyar leda muka binne a ƙanƙara tun da safe. Babu komai a cikinsa, kowa ya leƙa ya gani. Ba a jima ba jikinsa ya yi hazo, yatsa yana zana layi a kai. Ledar ruwan da bai yi sanyi ba kuwa tana gefe a bushe ƙayau. Nan aka fara cacar baki tsakaninsu. Wani ya ce sanyin ne yake zama ruwa. Aka ba su madubi suka huhhura, suka ga ya dushe. Sai wata yarinya daga baya ta ce, "Kamar murfin tukunya in Umma ta buɗe, ruwa yana ɗiga." A nan ne malamar ta ɗauki alli. Ta ce akwai ruwa a cikin iskar ɗakin nan wanda ido ba ya gani, in ya taɓa abu mai sanyi sai ya taru ya zama ɗigo, kuma shi ne raɓar da suke takawa a ciyawa da asuba. Sannan ta rubuta kalmar Turancin da suka haddace a wancan makon. A wannan karon kalmar ta tarar da abin da za ta zauna a kai.

Abu ya fara zuwa, suna ya biyo baya. A ganina tsarin da ya kamata ke nan a ajujuwan farko, kuma shi ne muka juya. Ɗan aji biyu yakan iya jero siffofin abu mai rai da haruffan nan na MR NIGER D da ake haddacewa a makarantun Najeriya, kowane harafi a madadin siffa ɗaya da Turanci, amma miƙa masa ƙwayar wake ka tambaye shi ko tana da rai, sai ya ce a'a, tunda ba ta motsi. Tambaye shi wuta fa, sai ya tsaya, domin tana motsi, tana ci, tana girma, tana mutuwa. Gardamar wuta da ƙwayar wake ta fi haruffan amfani nesa ba kusa ba, kuma ba ta bukatar komai sai gwangwanin madara da ƙasa da haƙurin kwana huɗu ko biyar.

Ba za a yi wannan gardama da harshen da yaro ba ya ji ba. Wanda bai mallaki kalma 200 na Turanci ba, ta yaya zai ce "ledar tacewa take yi"? Shiru zai yi, mu kuma mu ɗauka ya gane. Maganar harshe tsohuwa ce. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen yankin, daga baya aka fayyace cewa shekara 3 na farko ake nufi. Kafin nan ma, a 1970, Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara 6, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a yawancin darussa. A Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince a yi shekara 6 na firamare da harshen uwa, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe.

Abin da ake yawan mantawa game da gwajin Ife shi ne ba sanarwa kawai aka yi ba. An zauna an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomi, an horar da malamai, an kuma ba yaran ƙwararrun malaman Turanci. Tsakanin 2022 da 2025, a makarantun da nake shiga, ban ga littafin kimiyya na Hausa a hannun yara ba. Abin da ke faruwa a zahiri bai sauya ba ko kafin sanarwar ko bayanta: malami ya rubuta da Turanci, ya yi bayani da Hausa a gurguje kamar mai aikata laifi, jarrabawa ta zo da Turanci. Ra'ayina shi ne ko wace manufa ce a takarda, tunani da gardama a ajin ƙananan yara a yi su da harshen da suke mafarki da shi, sannan a ba su kalmar Turancin su riƙe, domin za su bukace ta a gaba.

Amma kada mu ruɗi kanmu cewa da an koma Hausa shi ke nan an gama. Harshenmu na yau da kullum, kamar kowane harshe, yana haɗa abubuwan da kimiyya take rabawa. Mukan ce ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke, mu kuma ce sukari ya narke a shayi, gishiri ya narke a miya. Kalma ɗaya, al'amari biyu. Na farko zafi ne ya mayar da daskararren abu ruwa-ruwa. Na biyu kuwa abu ne ya watsu a cikin ruwa har ya ɓace wa ido, kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. Yaro zai ɗauka abu guda ne har sai an zuba ruwan gishiri a faranti an shanya a rana, kwana biyu ya dawo ya tarar da farin gishiri a manne, ya lasa ya tabbatar. Da wannan hanyar ce mutanen Bilma suke samar da gishirin da ayarin raƙuma ya yi ƙarnuka yana kawowa ƙasar Hausa. Haka kalmar iska. A kunnen yaro iska ita ce mai kaɗawa, in ganye ba ya motsi sai ya ce babu iska, ga kuma ɗaya ma'anar da ke sa wasu yaran tsarguwa. Sai ka cusa takarda a gindin kofi, ka kifa shi a bokitin ruwa, ka ciro takardar a bushe, sannan ka tambaye su me ya hana ruwan shiga kofin da suka ce babu komai a cikinsa. Ƙarfi ma haka, nauyi ma haka, zafi ma haka. Wanda ya ce mai nauyi ne ke nutsewa, a tuna masa da katon goran da masunta suke hawa a Argungu, sannan a jefa allura a kwano. Fassara kalmomi aiki ne mai muhimmanci, amma ma'anar kalma a hannu take shiga kafin ta shiga kunne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Kano aka yi taron da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka, a watan Fabrairun 1965, da tallafin Amurka, kuma a 1970 shirin ya koma hannun 'yan Afirka. Ɗaya daga cikin darussan da suka fi shahara a shirin an gina shi ne a kan kurkudu, ɗan ƙwaron nan da ke haƙa rami mai siffar mazurari a cikin rairayi, yana tafiya da baya, yana jiran tururuwa ta zamo ta faɗo masa. Babu yaron ƙauye da bai taɓa tono shi ba. Dabarar darasin ita ce in yaro ya tambayi malami wani abu game da ƙwaron, malami ya ce masa ya tambayi kurkudun. Zai haƙa rami a toka? A garin masara fa? A jiƙaƙƙiyar ƙasa? Babba ya fi ƙarami faɗin rami? Kowace tambaya yaro zai iya samo amsarta da kwano da rairayi da ido. Yau shekara 60 ke nan da 'yan kai, kuma mafi yawan malaman da na tambaya ba su taɓa jin labarin ba. A fahimtata, guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976 ta ninka yawan yara cikin ɗan lokaci, aka horar da malamai a gaggauce, aji ya cika ya batse, sai hanyar da ta fi sauƙin sarrafa taro ta yi rinjaye, wato a rubuta, a maimaita, a kwafa.

Ba na ɗora wa malamar nan laifi. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35, ita kuwa 90 ne a gabanta, wasu a ƙasa. Manhaja tana biye da ita, mai duba makarantu in ya zo littafin tsara darasi yake dubawa ya ga ko an kai inda ya kamata a kai, jarrabawar ƙarshen zango kuma ta canki-canka ce, wadda ke tambayar ma'anar kalma. Darasin ledar nan ya ci mana zama biyu a kan abu ɗaya tak. Ga wanda ake auna aikinsa da yawan babin da ya gama, wannan asara ce. Sannan ita kanta haka aka koyar da ita, daga firamare har kwalejin ilimi. Ta gaya mini da bakinta cewa kafin ranar ba ta taɓa haɗa zufar leda da abin da take rubutawa a allo ba. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. An yi ta muhawara kan korar da ta biyo baya, amma tambayar da ta fi damuna ita ce wace irin makaranta ce ta yaye su. In ana son malami ya sa yara su gwada, sai shi ma a kwaleji an sa shi ya gwada, ya yi zato, zaton ya faɗi a gabansa, ya ɗanɗani yadda abin yake.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna tsawon shirun da malamai suke yi bayan sun yi tambaya, ta samu bai fi daƙiƙa ɗaya ba kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka sa su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara magana. A wurinmu abin ya fi haka nauyi, saboda mun tarbiyyantar da yaro kan cewa ba a musu da babba, mai yawan tambaya kuma a ce masa ya cika surutu. Ladabi abu ne mai kyau, ba na son a zubar da shi. Sai dai yaro yana iya cewa "Malama, ni dai ban yarda ba tukuna" cikin ladabi, kuma aikin malama ne ta nuna masa cewa wannan magana tana da wurin zama a ajinta. Haka nan malami ya iya cewa "ban sani ba, mu gwada mu gani" ba tare da ya ji girmansa ya zube ba.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje. A sakandare uzuri ne na gaskiya. A aji ɗaya zuwa huɗu kuwa, madafin gidan kowane yaro ya isa. Tsarma zoɓo da ruwa har ya yi haske, ɗiga masa jiƙon kanwa, jan zai juya ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Matsa masa lemon tsami, ja ya dawo. Duk uwar da ke saka kanwa a yakuwa don ta kashe tsami tana aiki da wannan ilimi, sunansa ne kawai ba ta sani ba. Kafa sanda a filin makaranta, yara su riƙa sa dutse a ƙarshen inuwarta kowace sa'a, su auna da taku ko da igiya, su gano da kansu lokacin da ta fi gajarta. Maganaɗisu yana cikin kowace matacciyar rediyo. Yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani sun san abubuwa game da taya da gatari da ba a rubuta a littafinsu ba. A aji mai yara 90 ba kowa zai taɓa komai ba, amma ana iya raba su rukuni-rukuni, ana iya tura gwajin gida, kowa ya dawo da labarin gwangwanin wakensa.

Sai dai a kula, ba duk taɓe-taɓe ne kimiyya ba. Na ga darussan da aka kawo kaya, yara suka yi ta murna, aka tashi babu abin da ya sauya a kansu. Abin da ya sa na leda ya yi aiki shi ne kowa ya faɗi zatonsa kafin a gwada, har ya ɗaga hannu a kai. Sannan abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: in ana son a san ko wake yana bukatar haske, gwangwani biyun su zama ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya, bambancin kawai ɗaya a ƙarƙashin gado ɗaya a tsakar gida. Yara suna gane wannan da wuri in ka kira shi adalci, domin sun san ba a tseren gudu ɗaya da takalmi ɗaya ɗauke da tulu. Kuma a rubuta ko a zana abin da aka gani, ko da layi biyu ne. Da ni ke tsara manhaja da na rage yawan batutuwa sosai a ajujuwan farko, in bar ruwa, iska, haske da inuwa, tsiro, jikin mutum da tsabta, a zauna a kansu da kyau.

Wani abu kuma da malamai kan yi ɗari-ɗari da shi shi ne amsar "ikon Allah ne". Yaro ya tambayi abin da ke kawo ruwan sama, a ba shi wannan amsa, magana ta ƙare. Mumini ba ya shakkar cewa ikon Allah ne. Amma Allah ya sanya wa abubuwa sababi, kuma Alƙur'ani da kansa, a cikin Suratul Gashiya, yana kiran mutane su dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su. Tambayar "ta yaya" ba ta cin karo da imani. Hadda ma tana da muhallinta, nassi da ake son a kiyaye shi harafi da harafi dole a haddace shi, kuma makarantun allo sun ƙware a wannan. Kuskuren shi ne ɗaukar hanyar da ta dace da kiyaye nassi a yi amfani da ita wajen fahimtar tururi.

Ban faɗi yadda darasin nan ya ƙare ba. Ana dab da kaɗa ƙararrawa, yarinyar da ta kawo misalin murfin tukunya ta sake ɗaga hannu ta ce, "To Malama, randa fa? Ita ma daga iska ne?" Malamar ta waiwayo ta dube ni. Tambayar ta kai inda ake so, domin a randa yaron farko shi ke da gaskiya. Ruwan daga ciki yake tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, yana bushewa a bayanta, kuma bushewar ce take janye zafi ta bar na ciki da sanyi. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi lokacin da iska take a bushe fiye da tsakiyar damina. A leda ruwa daga iska yake sauka, a randa kuwa iska yake komawa. Da wannan ilimin ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sa kayan miya su kai makonni ba su lalace ba a inda babu lantarki, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000. Na buɗe baki zan fara wannan bayani, malamar ta ɗaga mini hannu. Ta juya ga yaran ta ce kowa in ya koma gida ya shafa bayan randa da safe, ya sake shafawa da azahar, ya kuma tambayi kakarsa ko sabuwar randa ce ta fi sanyaya ruwa ko tsohuwa, ranar Talata su zo da abin da suka samu.